Hannun da Na Ɗaga a Ƙofar Gidan Basha

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida, sai wata doguwar mota mai dakon motoci ta shigo layinmu bisa kuskure, ta tarar hanya ba ta ɓullewa. Na gyara zama don in ga yadda direban zai yi gumi, domin komawa da baya da tirela a lungu ba aikin kowa ba ne. Na jira in ga wanda zai sauko ya tsaya masa a baya, ba wanda ya sauko. Wani ɗan gilashi ne a gabansa yana nuna masa bayansa, motar kuma tana wani kuka ɗit-ɗit-ɗit, shi kuwa hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya riƙe da waya yana dariya. Haka ya fice bai taɓa ko tukunyar mai ƙosai ba. Haushi ya kama ni har na kasa ƙarasa shayina. A zamaninmu direban tirela idan ya sa ribas, ransa da abincinsa suna hannun mutumin da ke tsaye a bayan mota, kuma ni na taɓa zama wannan mutumin.

Mahaifina direban motar auduga ne a Funtuwa, kuma ya yi rantsuwa ɗansa ba zai ci abinci da sitiyari ba. Da aka samo mini tallafin karatun addini a Alƙahira sai da ya yanka rago. Na je na zauna a aji shekara uku, littattafai suna kallona ina kallonsu, na faɗi jarrabawa sau biyu, aka yanke tallafin. Komawa gida ba digiri ya fi mini mutuwa ciwo, don haka na maƙale a wani ɗaki a Giza ina aika wa tsoho wasiƙun ƙarya. Abu ɗaya na iya da gaske, shi ne tuƙin da na sata a bayan idonsa tun ina ƙarami. Wata Juma'a wani ɗan'uwa ya nuna mini wani dattijo baƙi, dogo, mai farin rawani, ya ce Bahaushen Sudan ne, direba ne a gidan wani attajiri a unguwar Dokki, kuma yana neman mataimaki mai jin Hausa. A lokacin ban tambayi kaina me ya sa sai mai jin Hausa ba.

Misirawa suna ce masa Usɗa, wato gwanin sana'a, ni kuma ina ce masa Baba. Kakanninsa sun bar ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon bai tashi ba. Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda na ji a bakin kakata, sai dai ya cuɗa ta da Larabci. Mai gidan kuwa, wanda kowa ke kira Basha, tsoho ne tukuf da ya gaji motocin tsere guda biyar daga mahaifinsa, tun na zamanin sarauta. Ƙananan abubuwa ne masu kujera ɗaya, tayoyi a waje, ba rufi, ba fitila. An ƙera su don gudu, amma a shekarun da na yi a gidan ban taɓa ganin ɗaya ta yi tafiyar da ta wuce tsawon gareji da ƙafarta ba. Ɗaukarsu ake yi a kai su baje koli a manyan otal na kusa da dalar Fir'auna, ko wurin masu shirya fim, mutane su zagaye su suna ɗaukar hoto, a sake ɗauko su a dawo. Aikinmu ke nan, mu ne ƙafafunsu.

Motar dakon ma tsararsu ce, tare aka sauke su daga jirgin ruwa. Shuɗiya ce mai zagayayyen hanci, hawa biyu, tana ɗaukar motoci uku, sannan tana jan ƙaramar tirela a baya mai ɗaukar guda ɗaya. Ba maɓallin da ake dannawa. Katako biyu masu nauyin gawa muke jawowa mu jingina, mu maƙala igiyar ƙarfe, in kama hannun winci mai naɗe igiyar ina murɗawa yana ƙaƙas-ƙaƙas-ƙaƙas, motar tana hawa taƙi-taƙi, Baba yana biye da weji, katakon tokare taya, a hannu ko da igiya za ta tsinke. Har yau idan na ji ana jan ruwa a rijiya mai ƙarfe sai kafaɗata ta amsa. Ba a tayar da injinsu don a hau da su, ba a barinsu a giya, ba a taɓa jikinsu da hannu mai zobe. Baba yakan ce motar tsere a ƙafa ake ɗaure ta, ba a ƙugu ba, domin in ka ɗaure jikinta ka matse, ramin farko zai tsaga ta. Sai mu zagaya kowace taya da ɗamarar fata, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ja da yatsa yana saurare. Daga ƙarar fata yake gane wadda ta yi sako-sako. Yaran yanzu na'ura ce ke ɗaure musu, shi ya sa ko buhun masara ba su iya ɗaurewa a bayan babur ba.

Kada wani ya ɗauka Baba waliyyi ne. Bakinsa ya fi wuƙar fawa kaifi. Tun ranar da ya ji labarin karatuna ya laƙaba mini Shehi, kuma ba ya faɗa sai a gaban mutane. In na ɗaure taya ba daidai ba sai ya kira makanike da mai gadi su zo su ga fatawar da Shehi ya bayar. In muna cin wake da gurasa da safe sai ya ce in ci da yawa, tunda kai ya ƙi ɗauka bari ciki ya ɗauka. Ina da lasisi, ina da shekara kusan talatin, na tuƙa motar auduga daga Funtuwa zuwa Gusau tun gemuna bai fito ba, amma shekara shida ina gefensa bai bar ni na zauna a kujerar direba ba, ko da mota tana tsaye. Wanke ta nake yi, in share kujerar, in koma tawa.

A shekara ta biyu na gane abin da yake ɓoyewa. Muna kan hanyar dala da rana tsaka, wani mai amalanken jaki ya fito daga dama, kowa ya gan shi, Baba bai rage gudu ba. Na yi ihu na ce jaki, ya taka birki, muka tsaya saura taku ɗaya. Bai zagi mai jakin ba, kuma a Alƙahira direban da bai yi zagi ba lallai akwai abin da ke damunsa. Da muka sauke kaya ya ja ni bayan mota, ya kama hannuna ya matse.

"Shehi, abin da ka gani yau, ka gani?"

Na ce na gani, Baba.

"Idon yana mutuwa daga gefe. Gabana kawai nake gani, shi ma kamar ta bakin buta. Madubi kuwa khalas, ya ƙare, tun bara ba na ganin komai a cikinsa. Shekara talatin da ɗoriya ina kan wannan kujera, ya zol, bawan Allah. In suka sani, ranar zan sauka, kuma ina da 'ya'ya mata uku a gida. Kai ne idona. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji. Kuma Allah ya sani a ranar da gaske nake.

Daga nan muka shiga wata irin sana'a da ba na jin wani ya taɓa yin irinta. Yana tuƙi, ni ina karanta masa hanya da Hausa, a hankali, ba tare da na nuna da hannu ba. Tasi a hagu yana matsowa, Baba. Mace da tire a ka za ta tsallaka. Rami, ɗan karkata dama. Mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, zai yanko, ba shi hanya. Sau da yawa makanike ko wani ɗan gidan yana zaune tare da mu a gaba, ba ya jin ko kalma ɗaya. Suna cewa baƙaƙen nan biyu ba sa gajiya da surutu, wani ma ya ɗauka wuridi nake yi. Wurin ribas kuma al'adar kowa ita ce mataimaki ya tsaya a baya inda direba zai gan shi a madubi, ya yi ta alama da hannu, in ya ɗaga tafi sama, a tsaya. Ni ma ina ɗaga hannun don idon mutane, amma abin da Baba ke bi shi ne muryata: taho, taho, hagu kaɗan, miƙe, tsaya. Ƙofar gidan Basha tana da ginshiƙai biyu na dutse, tsakaninsu da tirela bai fi faɗin tafin hannu ba kowane gefe, kuma da baya ake shiga. Shekara huɗu muna shigar da ita ba mu kankare fenti ba. Mutanen unguwa har tsayawa suke yi su kalli gwanintar Usɗa, shi kuma ya sauko yana gyara rawani, ya ce Shehi kawo ruwa.

Wannan kawo ruwan ne ya yi ta cina. Ni ke tuƙa motar da bakina, shi ke karɓar gaisuwa. Na yi zaton tunda asirinsa yana hannuna zai sassauta mini, sai ma ya ƙara, kamar yana tsoron in ya daina zagina mutane za su yi tambaya. Wata rana na ce masa ya bar ni in riƙa karɓarsa a hanya mai nisa, ba wanda zai ce komai. Ya yi dariya ya ce wanda ya kasa riƙe littafi mai shafi ɗari ina zai riƙe mota mai taya goma. A gaban mai gadi ya faɗa, da Larabci, don kowa ya samu rabonsa na dariyar. Na je na wanke taya, amma daga ranar na fara kallon kujerar nan da wani ido.

Ana haka Basha ya kwanta ciwo, ɗansa ya dawo daga Turai ya karɓi gida. Mutum ne mai ƙananan idanu da agogo mai tsada, ba ya gaisawa da ma'aikata, yana kiran kowa kai. Wata Juma'a aka yi baje koli, ya ce a ɗora jar motar kakansa a tirela, ita ce mafi daraja a cikin biyar ɗin, mai doguwar wutsiya ta alminiyon da ta zarce bayan tirelar da kusan kamu ɗaya. Muka kai ta lafiya, muka ɗauko ta bayan la'asar. Ɗan Basha ya riga mu isowa gida da baƙinsa, Turawa biyu da wata mata, suka tsaya a bakin ƙofa don su ga yadda tsohuwar mota ke shiga da baya. Makanike yana nan, mai gadi yana nan, masu shagunan layin duk sun fito.

Na sauka na tafi baya na tsaya inda na saba. Ba zan ce shaiɗan ba, domin na gaji da jin tsofaffi suna ɗora wa shaiɗan abin da suka yi da hankalinsu. Ina sane. Na ce taho, ya taho. Na ce hagu kaɗan, ya karya hagu. Na ga wutsiyar jar motar ta nufi ginshiƙin dama, na san saura taku biyu, na ja numfashi zan ce tsaya, sai na riƙe shi. Na ɗaga hannu sama, tafi a buɗe, yadda kowane mataimaki a duniya yake yi. Na ɗaga na biyu. Har hulata na cire ina kaɗawa. Duk wanda ke wurin ya ga ina tsayar da shi da dukkan ƙarfina, bakina ne kawai a rufe. Baba yana jiran kalma ɗaya, bai ji ta ba, ya ci gaba da tahowa a hankali, cikin natsuwa, yadda ya yarda da ni. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka gwangwanin madara ne. Matar nan ta dafe baki.

Ɗan Basha bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya je ya shafa wutsiyar da ta lanƙwashe, ya dawo ya tsaya, ya sa aka kira Baba. Ya tambaye shi ko bai ga hannuna ba. Baba ya ce rana ce ta haske madubi. Ɗan Basha ya waiwaya ya dubi rana, tana bayan gini. Sai ya ja da baya taku huɗu, ya ɗan koma gefe, ya zaro makullin motarsa ya riƙe a hannu ɗaya, ya ɗaga hannuwan biyu.

"Usɗa, wane hannu makulli yake?"

Ina tsaye kusa da Baba, kafaɗata tana kusan taɓa tasa. Na ga ya ɗan karkato kunnensa wajena, kaɗan, yadda yake yi a cikin mota. Kalma ɗaya ce, dama, kuma ba mai jin ta a wurin sai mu biyu. Zan iya faɗinta kamar ina tari. Na dubi takalmina.

"Hagu, ya Basha," in ji Baba.

Wani yaron shago ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Ɗan Basha bai tsaya nan ba, ya mayar da makullin ɗaya hannun ya sake tambaya, ya sake, har sau huɗu, yana fassara wa baƙinsa, kamar mai wasa da biri a kasuwa. Baba ya canka daidai sau ɗaya, aka yi masa tafi. Daga ƙarshe ɗan Basha ya ce makaho ya yi shekaru yana yawo da dukiyar gidansu a titi, ya gode wa Allah ba a kira 'yan sanda ba. Ya juyo gare ni ya tambaya ko na sani. Na ce wallahi ban sani ba, ni dai na ɗaga hannu, kowa ya gani. Mai gadi ya ce haka ne, ya gani. Aka ce Baba ya ajiye makulli. Ya laluba aljihu ya ciro, ya miƙa ba inda ɗan Basha yake ba, sai da makanike ya karɓa. Ya ɗauki butarsa da dardumarsa daga bayan kujera, ya bi bango da hannu ya fita ta ƙofar da ya shiga da baya sau dubu. Ni na ƙarasa shigar da motar a ranar, kuma ba zan ɓoye ba, da na zauna a kujerar nan daɗi na ji.

Na riƙe ta shekara tara. Na yi aure, na yi ƙiba, aka fara ce mini Usɗa. Na ɗauki mataimaki Bamisire, kuma ban taɓa yarda da shi ba, ko ya ce taho sai na sauka na duba da idona. Da Basha ya rasu ɗansa ya sayar da motocin ɗaya bayan ɗaya, aka zo da wasu manyan akwatunan ƙarfe masu sanyi a ciki aka kwashe su zuwa jirgi. Shuɗiyar motar ita ce ta ƙarshe, wani Bature ya saye ta, ya ce irinta ta yi ƙaranci a duniya. Ita da ta yi shekara hamsin tana ɗaukar wasu, a bayan wata mota aka ɗora ta aka tafi. Aikina ya ƙare, na fara shirin dawowa gida.

Saura kwana kaɗan in taso na shiga kasuwar Ataba sayen tsaraba. Cikin wannan turmutsitsi, tsakanin masu takalma da masu agogo, na hango farin rawani a gindin wani bango. Yana zaune a kan kwali, gabansa tire na asuwaki da ƙullin soɓorodo, idanun sun yi fari fat. Da na wuce abina ba zai sani ba. Amma na yi shekaru ina shirya jawabin neman gafara, kuma ina son in sauke shi kafin in hau jirgi, don in tafi da sauƙi. Ko a nan kaina nake yi wa aiki. Na durƙusa na yi sallama.

"Shehi," ya ce, tun ban rufe baki ba. "Ka yi ƙiba, muryarka ta nuna."

Na tambayi gida, ya ce alhamdulillahi, biyu sun yi aure, ƙaramar ce ke kawo shi da safe ta ɗauke shi da yamma. Ya tambayi jar motar, na ce an gyara wutsiyar, ba a ma gane wurin. Ya ce madalla. Ya tambaya ko na ci gaba da ɗaure su a taya, na ce ban taɓa sakewa ba. Na fara jawabina, na ce Baba, ranar nan, sai ya ɗaga hannu.

"Na ji ka ja numfashi," ya ce. "Injin yana ƙara, amma na ji. Na ce yanzu zai faɗa. Shi ya sa ban taka birki ba."

Duk abin da na shirya ya watse. Muna nan aka kira sallar la'asar a masallacin da ke tsallaken titi, ya lulluɓe tirensa da tsumma, ya laluba sandarsa. Na yi wuf na kama hannunsa na ce bari in haye da kai, Baba. Bai ƙi ba. Muka taka har bakin titi, mikrobas da tasi suna ta yanka kamar kullum. Na jira hanya ta buɗe, tsohon aikina ya dawo bakina da kansa, na ce taho, Baba, ba komai, miƙe. Bai motsa ba. Na sake cewa taho, hanya fes take. Ya zare hannunsa daga nawa a hankali, ya ɗaga murya da Larabci yana neman wani ɗan halas ya tsallakar da makaho. Wani ɗan dako mai ɗauri a ka, wanda bai taɓa ganinsa ba, ya zo ya kama gwiwar hannunsa ya ce yalla ya Hajji, wato mu je Alhaji.

"Ma'alish, yi haƙuri, Shehi," ya ce mini. "Idonka lafiya lau yake, na sani. Bakinka ne ba zan sake bi ba."

Suka shiga titi, ɗan dakon yana jan sa, shi yana bi ba gardama. Wata tasi ta taho da gudu, kafin in ankara na tsinci kaina a tsakiyar kwalta, na ɗaga hannu biyu sama ina tsayar da ita. Direban ya tsaya yana zagina, Baba ya haye ya shiga masallaci, bai san na ɗaga ba.